Kafin a Zagi Uwar 'Yan Mata Biyar, a Fara Yin Lissafi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani tsohon littafin Turanci da ɗaliban adabi suka sani, wato Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a Ingila a watan Janairun 1813. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saurin da ake yi wajen yanke wa mutanen cikinsa hukunci. Sai ka ji an ce Elizabeth ta yi auren so, ƙawarta Charlotte ta yi auren kuɗi, ƙanwarta Lydia ta yi auren wauta, uwarsu kuwa sakarai ce mai kwaɗayin surukai masu hannu da shuni. Duk mai wannan magana ya bi labarin, amma ya tsallake lambobin da ke ciki. Da wuya marubuciyar ta shigo da mutum ba ta faɗi abin da ya mallaka ba, kuma masu karatun zamaninta da jin adadi sun san irin gidan da mutum zai zauna, da barori nawa zai ɗauka, da ko zai iya riƙe keken doki. Mu ne muke buƙatar a warware mana.

Awo iri biyu ake yi a littafin. Namiji, da abin da ke shigo masa a shekara ake auna shi. Mace kuwa da dunƙulen kuɗin da za ta shiga gidan miji da su, don a can a wancan zamani ita ce ke zuwa da dukiya. Su waɗannan kuɗin ba a taɓa uwarsu. Ana zuba su a takardun bashin gwamnati, a riƙa karɓar kashi 4 ko 5 cikin ɗari duk shekara. To in an ce mace tana da fam (kuɗin Ingila) 10,000, nufin shi ne fam 400 ko 500 a shekara. Da wannan ƙa'ida za ka gane duk sauran. An ce Bingley, wani saurayi mai kuɗi a littafin, ya gaji kusan fam 100,000 daga ubansa, an kuma ce yana samun fam 4,000 zuwa 5,000 a shekara. Ka ga magana ɗaya ce aka faɗa ta hanya biyu.

Gidan Bennet, wato gidan su Elizabeth: uban yana da gandun Longbourn mai kawo fam 2,000 a shekara. Wannan ba talauci ba ne ko kaɗan. Suna da mai dafa abinci, da mai kula da gida, da keken doki, har uwar tana tinƙaho cewa 'ya'yanta ba sa shiga kicin. Matsalar ita ce gandun ɗaure yake. Wani na gaba da shi a dangin ya rubuta sharaɗi cewa namiji kaɗai zai gaje shi, shi kuwa Mista Bennet 'ya'ya mata biyar Allah ya ba shi. Ranar da ya faɗi ya mutu, gida da gona da kuɗin haya duk sun koma hannun wani ɗan uwansa na nesa, Mista Collins, limamin coci. Abin da zai rage wa uwa da 'ya'yanta shi ne fam 5,000 da aka rubuta musu a takardar yarjejeniyar aurenta. A kashi 4 cikin ɗari, fam 200 ke nan a shekara, a kashi 5 kuma 250. Mutum shida, babu gida, a kan kashi ɗaya cikin goma na abin da suka saba ci. Bayan ran uwar, kowace yarinya ta tashi da fam 1,000, wato fam 40 a shekara. Collins da bakinsa ya faɗa wa Elizabeth wannan adadin yana tsakiyar neman aurenta, wai don ya nuna mata shi bai damu da kuɗi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka dokar Ingila ce ta hana mata gado. A'a, tsari ne da kowane dangi ke yi wa kansa, don kada gandu ya rarrabu ko ya fita daga sunan gidan. Littafin kansa ya nuna haka, inda Ledi Catherine, uwar ɗakin Collins mai gandun Rosings, ta ce su a dangin mijinta ba a ga dalilin yin wannan ɗaurin ba, shi ya sa 'yarta tilo za ta gaji Rosings kaf. Kuma ɗaurin yana da makwancinsa: in magidanci ya haifi namiji, ɗan ya kai shekara 21, sai su biyun su haɗa hannu su warware shi, a yanka wa uwa da 'yan mata rabonsu. A kan wannan Mista Bennet ya shimfiɗa tabarmarsa. Ya yi ta jiran namiji, namiji bai zo ba, kuma shekara 23 da aure bai ajiye ko sisi ba.

Nan ne nake ganin masu karatu ba su yi adalci ba. Kowa na son Mista Bennet saboda iya baƙar magana, kowa na dariyar matarsa saboda surutu da rashin kan gado. To mu buga. Da ya riƙa ware fam 200 duk shekara, kashi ɗaya cikin goma kawai na samunsa, a shekara 23 ya tara fam 4,600 ko ba riba. In ana maida ribar kashi 4 cikin uwar kuɗin, sai ya haura fam 7,000. Rabon kowace yarinya zai tashi daga 1,000 zuwa kusan 2,500. Bai yi ba. Bai kuma ɗauko musu malama ta koyar da su a gida ba, abin da ya ba Ledi Catherine mamaki, alhali koyar da 'ya'yan masu kuɗi kusan ita ce kaɗai sana'ar da 'yar babban gida za ta yi ba a ce ta zub da mutunci ba. Ke nan bai bar musu dukiya ba, bai bar musu abin nema ba. Sai da Lydia ta gudu da saurayi ya zauna yana da-na-sani, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Matar tana da nata laifin, don hannunta a sake yake, ba ta san tattali ba. Amma a gidan nan kaf ita kaɗai ce ke kwana tana tashi da tunanin ranar da Collins zai zo karɓar makulli. Hanyarta ce mummuna, tsoronta kuwa gaskiya ne.

Shi kansa auren nasu darasi ne da marubuciyar ta ajiye can tsakiyar littafi. Ƙuruciya da kyau suka ɗebe shi, ya auri 'yar wani lauyan ƙaramin gari wadda ubanta ya bar mata fam 4,000. Tun da wuri son ya ƙare, girmamawa ta bi shi, ya koma ɗakin littattafansa, ya mai da matar abin nishaɗi a gaban 'ya'yanta. Wanda ke cewa littafin yana koyar da a bi zuciya kawai, ya dubi wannan gidan tukuna.

Kafin in shiga kan Charlotte, dole a san abin da aure yake yi wa dukiyar mace a lokacin. Da an ɗaura, kuɗinta da kayanta na miji ne a idon doka. Sai a 1870 da 1882 majalisar dokoki ta yi dokokin da suka bar wa matar aure mallakar abinta. Rabuwa kuma kusan babu: kafin 1857, wanda ke son a raba aurensa har ya iya sake wani sai majalisa ta yi masa doka tasa shi kaɗai, abin da sai attajirai ke iyawa, kuma kusan dukkansu maza. Kariyar mace guda ɗaya ce, takardar yarjejeniya da lauyoyin ɓangare biyu ke rubutawa kafin ɗaurin aure. A ciki ake damƙa kuɗinta ga amintattu don kada miji ya cinye uwar kuɗin, a yanka mata kuɗin kashewa na kanta, a faɗi abin da za ta riƙa samu in ya riga ta mutuwa, da rabon 'ya'ya. Yarinyar da ta gudu da saurayi ta tsallake duk wannan. Dokar aure ta 1753 ta ce wanda bai kai 21 ba sai da yardar iyaye, kuma sai an yi shela a coci Lahadi uku a jere ko an karɓo takardar izini. Dokar ba ta shafi Sikotilan ba, shi ya sa masu gudu ke nufar Gretna Green, ƙauyen da ke bakin iyaka.

Charlotte Lucas shekararta 27, ba ta da kyau, ba ta da dukiya, ga ƙanne a bayanta. Collins ya nemi Elizabeth ta ƙi, cikin kwana uku ya nemi Charlotte ta amsa. Ta san ba shi da hankali, ta san zama da shi gajiya ne, ba ta kuma ruɗi kanta cewa yana sonta ba. Ga abin da ta samu: gidan limamin coci a Hunsford yanzu, Longbourn nan gaba. A lura da yadda gidansu suka karɓi labarin. Ƙannenta mata suka fara murnar za a fara fita da su taron rawa da wuri, mazan suka huta da fargabar ɗaukar nauyinta har tsufa, uwarta kuwa ta shiga ƙirga shekarun da suka rage wa Mista Bennet a duniya. Da Elizabeth ta kai mata ziyara ta ga yadda take sarrafa zaman. Tana zuga mijin ya yi ta aikin lambu wai don lafiyarsa. Ta zaɓi ɗakin baya, wanda bai kai na gaba kyau ba, ta mai da shi wurin zamanta, don ta san ɗakin da ke kallon hanya shi zai riƙe mijin yana ƙirga keken dokin Rosings. In ya yi katoɓara sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ni ban ga kwaɗayi a nan ba. Na ga mace da aka ba ta zaɓi tsakanin wannan da zama ɗan karo a gidan ƙanenta, ta ce da babu gara ba daɗi, ta kuma biya farashin da idonta a buɗe.

Kuɗi kaɗai ba ya sa mutum a sahu. Ana tambayar daga ina suka fito. Na sama su ne na ƙasa, wato hayar da manoma ke biyan mai gandu, shi yana zaune. Na kasuwanci suna da wari sai an wanke su, wankin kuwa shi ne a daina sana'ar, a sayi gandu, a jira tsara ɗaya ta wuce. Su Bingley suna tsakiyar wankin: ubansu ya tara dukiya da kasuwanci a arewacin Ingila, ya mutu bai sayi gandu ba, ɗan yana hayar Netherfield. 'Yan uwansa mata, kowace da fam 20,000, su ne suka fi kowa yi wa Jane, yayar Elizabeth da Bingley ke so, dariya don kawunta Gardiner ɗan kasuwa ne mazaunin kusa da Cheapside a Landan. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Shi ya sa ɗayarsu, Caroline, ke son ta auri Darcy, abokin Bingley mai babban gandu, ɗan'uwanta kuma ya auri ƙanwar Darcy: ba ƙarin kuɗi suke nema ba, asali suke nema.

Darcy na samun fam 10,000 a shekara daga Pemberley a Derbyshire. Ba shi da sarauta, amma uwarsa 'yar babban basarake ce. Da Ledi Catherine, 'yar uwar mahaifiyarsa, ta zo ta hana aurensa da Elizabeth, maganarta dai ƙwarya ta bi ƙwarya. Elizabeth ta mayar mata cewa shi mai gandu ne, ita ma 'yar mai gandu ce, a nan sun yi daidai. Ta wajen uba haka ne. Sai tsohuwar ta juya ta wajen uwa, ta tambayi su wane ne kawunnanta. Ko ba ta waiwaya nan ba, tazarar fam 2,000 da 10,000 tana fitowa a maganar yau da kullum. Akwai inda Darcy ya ce Charlotte ta yi aure kusa da gida, don mil 50 a hanya mai kyau tafiyar rabin yini ce da ɗan kai. Elizabeth ta nuna masa cewa kusa da nisa aljihu ke auna su, su Collins ba su da kuɗin yawan zirga-zirga. Kuma a ƙarshe wannan ɗan kasuwar da aka raina, Gardiner, shi ne ya fi duk manyan littafin natsuwa da sanin ya kamata.

Ba mata kaɗai tsarin ya matse ba. Kanar Fitzwilliam, ɗan uwan Darcy, ɗan basarake ne, amma ba shi ne na fari ba, gado kuwa na ɗan fari ne. Yana jin daɗin Elizabeth, amma ya gaya mata a fili cewa irinsu ba sa auren wadda suke so, don sun saba da kashe kuɗin da ba su da shi. Ta yi masa ba'a ta ce farashinsa ba zai wuce fam 50,000 ba. Ba wanda ya kira shi mai kwaɗayi, alhali lissafinsa da na Charlotte ɗaya ne.

Wickham ne ya kai wannan lissafi maƙura. Ɗan wakilin gandun mahaifin Darcy ne. An bar masa fam 1,000 da alkawarin kujerar limamin coci, ya ce ba ya so, ya karɓi fam 3,000 a madadinta, cikin shekara uku ya cinye. Sai ya nemi gudu da Georgiana, ƙanwar Darcy, yarinya 'yar shekara 15 mai fam 30,000, wato 1,200 a shekara, ba tare da takardar lauya ba. Da shirin ya ɓaci, ya yi ta kewaya Elizabeth har wata Mary King ta gaji fam 10,000, ya koma can. A nan Elizabeth ta tambayi matar kawunta tambayar da littafin bai amsa kai tsaye ba: an hana ta kula shi don ba shi da kuɗi, an ce hankali ne; shi ya bar ta don ba ta da kuɗi, an ce son abin duniya ne; to ina iyakar wannan da wancan?

Lydia ba ta da abin da zai ci, shi ya sa bai yi niyyar aurenta ba. Bashi sama da fam 1,000, mafi nauyinsa na caca, shi ya koro shi daga garin Brighton, ita kuma ta bi shi tana zaton Gretna Green za su. Uban ne ya bar ta ta je Brighton ɗin, bayan Elizabeth ta roƙe shi kada ya bari, don kawai ya sami sakat a gida. Suka zauna a Landan ba aure. Illar ba a kanta kaɗai ta tsaya ba. 'Yan mata huɗu masu fam 40 a shekara, jarinsu ɗaya shi ne sunan gida, shi ne kuma ta zubar. Dole aka sayi ango. Abin da aka nema wajen uban kaɗan ne, ya tabbatar mata da rabonta cikin fam 5,000 ɗin, ya riƙa ba ta fam 100 a shekara muddin yana raye. Ya duba ya ga da ƙyar zai yi asarar fam 10, don cinta da kuɗin kashewarta a gida sun kusa haka. Nan ya gane akwai wanda ya zuba kuɗi a ɓoye, har ya ce Wickham wawa ne in ya karɓe ta a ƙasa da fam 10,000. Darcy ne: ya biya basussukan da suka haura fam 1,000 nesa ba kusa ba, ya ƙara wa Lydia wani 1,000 a rubuce da sunanta, ya saya wa Wickham muƙamin ƙaramin hafsa a rundunar da ke Newcastle, don a lokacin sayen muƙamin soja ake yi, sai a 1871 aka soke. Ko ban da kuɗin muƙamin, abin ya fi duk abin da Longbourn ke kawowa a shekara guda. Da ba a sami mai fam 10,000 yana son yayarta ba, babu wanda zai iya wannan ɗinkin.

Saura Elizabeth. Marubuci Walter Scott, a wani sharhi da ya rubuta shekaru kaɗan bayan fitowar littafin, ya yi mata shaguɓe cewa ba ta gane ta yi wauta wajen ƙin auren Darcy ba sai da ta ga gidansa. Ita ma ta yi wa Jane irin wannan wasan. Amma jerin abubuwan bai goyi bayan zargin ba. Tun daren rawar farko a Meryton, garin da ke kusa da gidansu, kowa ya ji fam 10,000 ɗin, ta kuma ƙi shi a Hunsford tana sane, bayan ta riga ta ƙi Collins wanda aurensa zai bar gidansu a hannunsu. Da fam 40 a gabanta ta yi wannan ƙin sau biyu, kuma sai ka san adadin za ka san nauyin abin da ta yi. Abin da ya juya ta shi ne wasiƙar da ya rubuta mata bayan ta ƙi shi, sannan shaidar tsohuwar mai kula da gidansa, wadda ta san shi tun yana shekara huɗu, ta ce bai taɓa yi mata baƙar magana ba, manoman hayarsa da barorinsa kuma kowa na yabonsa. Wato ta ga abin da yake yi da iko a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa, ita kuwa dokar da na ambata a sama za ta sa ta cikin sahunsu ne ranar da ta aure shi. Duk da haka ba zan ce dukiyar ba ta cikin abin da take so ba. Mutumin da ta so mai Pemberley ne, halin nasa ma a riƙon Pemberley ta gan shi. Marubuciyar ba ta taɓa sa jarumarta ta zaɓi tsakanin so da rufin asiri ba, ta haɗa mata duka biyun, wannan kuwa sa'a ce da Charlotte ba ta samu ba.

Ita Austen ba daga nesa ta hango abin ba. A Disamban 1802, saura mako biyu ta cika 27, shekarun Charlotte, wani magajin gandu mai suna Harris Bigg-Wither ya nemi aurenta. Ta amsa da dare, da safe ta janye. Ubanta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta suka koma dogaro da abin da 'yan uwanta maza ke haɗa musu, sai a 1809 ɗayansu ya ba su wani ɗan gida a Chawton. Wannan littafin da muke magana a kai, fam 110 ta sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya, kaɗan ya ɗara abin da aka yanka wa Lydia na shekara ɗaya.

Bayan an watse daga bikin Elizabeth da Darcy da na Jane da Bingley, Bingley ya sayi gandu mil 30 daga Pemberley, wankin gidansu ya kammala. Lydia ta rubuto wa Elizabeth tana neman a samo wa mijinta aiki na fam 300 ko 400 a shekara, suka ci gaba da sauya gida suna neman mai araha, yayyenta na biya musu bashi daga kuɗin kashewarsu. Ɗaurin Longbourn kuwa ba abin da ya taɓa shi. Wasiƙar Collins ta ƙarshe ta nuna Charlotte na da ciki, kuma ranar da Mista Bennet ya kwanta dama, ita ce za ta karɓi makullan gidan da aka haifi Elizabeth.

Na gode, Edita. Wassalam.

Wani mai nazarin adabi